Furannin ado a gidajen Katsina: yadda ake zaɓe da dashe da reno, da asalin sunayensu

Duk wanda ya bi ta wajen masu sayar da fulawa a bakin titi cikin watan Agusta zai ɗauka komai na iya rayuwa a Katsina. Ledoji a jere, ganye shar, fure ja da fari da rawaya. Mutum ya zaɓi wadda ta fi ɗaukar masa ido, ya kai gida ya dasa. Damina ta rufa masa asiri, sanyin hunturu ya ɗan lallaɓa ta, sai bazara ta shigo. Kafin ruwan farko ya sauka, rabin abin da ya saya ya bushe ƙayau.

Ruwan saman da birnin Katsina ke samu a shekara wajen milimita 600 ne, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Daura ma kusan haka take. Sauran wata takwas, shuka ba ta da abin sha sai wanda ka ba ta da hannunka. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, ƙasarmu kuma mafi yawanta jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Saboda haka kafin ka biya kuɗin kowace shuka, akwai tambayar da ya kamata ka samu amsarta: daga wace irin ƙasa wannan ta fito? Wadda asalinta busasshiyar ƙasa ce za ta zauna da kai lafiya. Wadda ta fito daga kurmi mai ruwa duk shekara za ta cinye maka kuɗi, ƙarshe ta mutu. Sau da yawa amsar tana cikin sunan shukar, shi ya sa zan daɗe a kan sunaye.

Mataki na 1: Fara da duba gidanka

Ka ware yini guda kana lura da rana. Ina take bugawa da hantsi, ina take bugawa daga azahar zuwa la'asar? Katangar da ke fuskantar yamma ita ce wuri mafi tsanani a gida, don bulo da siminti suna shan zafi su yi ta mayar da shi har bayan magariba. Nan sai shuka mai taurin rai. Gefen da ke samun ranar safe kawai, da gindin bishiya, da bakin baranda, su ne mazaunin masu laushin jiki.

Sai ka tona ƙasa kamu biyu ka ga abin da ke ciki. A sababbin gidaje abin da ake tararwa shi ne ɓaraguzan bulo, da busasshen siminti, da marmarar da aka yi ciko da ita. Wannan ba ƙasar shuka ba ce, kwashe ta za a yi. Ka kuma san inda bututun ruwa ya bi, da inda ramin masai yake, don saiwar bishiya ruwa take nema, duk inda yake za ta je.

Abu na ƙarshe, su wa ke yawo a gidan? In akwai yara masu rarrafe ko masu kai komai baki, ko akuya da tunkiya a sake, akwai furannin da ba za su shigo ba ko da kyauta aka ba ka.

Mataki na 2: Lissafa ruwanka na watan Afrilu

Kada ka yi lissafi da ruwan damina. Ka tambayi kanka: a tsakiyar bazara, lokacin da rijiya ta ja baya, famfo ya yi kwanaki bai kawo ba, ’yan garuwa suka ƙara kuɗi, jarka nawa zan iya warewa don shuka kullum? Amsar ita ce girman lambunka. Mai jarka ɗaya ya tsaya a kan kasko biyar ko shida da ɗan shingen lalle. Mai burtsatse yana da sarari, amma shi ma ya tuna da kuɗin wuta ko na mai.

A nan zan faɗi ra'ayina a kan ciyawar ado da ake shimfiɗawa a farfajiya. A zafin bazara, murabba'in mita ɗaya na ciyawa yakan sha lita 7 ko fiye a yini. Fili mai mita 5 a tsaye da 4 a kwance ke nan yana neman lita 140 kullum, kusan jarka shida mai lita 25. A unguwar da maƙwabta ke bin layin ruwa, ban ga dacewar haka ba. Ruwan nan zai raya bishiya biyu da furanni ashirin har a samu ragi.

Akwai ruwan da kowane gida ke zubarwa wanda shuka ke so: ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da gero, ruwan ɗauraye kayan miya. Ka gyara wurin alwala yadda zai gangara gindin lalle ko ɗoɗɗoya, sau biyar a yini an ba su ruwa ba tare da kowa ya ɗauki bokiti ba. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan da aka wanke tukunyar miya mai gishiri da mai, waɗannan a bar su su bi rariya, don suna ɓata ƙasa a hankali.

Wata dabara mai araha ita ce tulu. Ka samu tulun ƙasa wanda ba a shafa wa fenti ko siminti ba, ka binne shi har wuya kusa da shukar, ka cika shi da ruwa ka rufe bakinsa da faifai ko ɗan kasko saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsatsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta samun rabonta.

Mataki na 3: San sunan shuka, ka san halinta

Kowace shuka da masana suka sani tana da suna mai kalma biyu, yawanci da Latinanci ko Girkanci: na farko sunan dangi, na biyu nata na kanta. Wani masani ɗan ƙasar Siwidin, Carl Linnaeus, shi ya kafa wannan tsari a 1753. Amfaninsa gare ka shi ne, in ka samu sunan, kana iya bincikawa a wayarka ka san asalin shukar da ko tana da guba. Namu sunayen ma ba a baya suke ba. Tun 1916 wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya buga littafin da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, kuma da dama daga cikinsu siffa ko halin shukar suke faɗa.

Ka fara da na gida, su za su riƙe lambun ko da komai ya ƙone.

*Ƙarya.* Wasu su ce ƙariya. Ita ce gajeruwar itaciyar nan mai ƙaton gindi kamar tulu, wadda ke kakkaɓe ganyenta da rani ta cika da fure ja-ja mai farin ciki. Ana danganta sunan da karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta ’ya’ya, saboda yawan furenta da wuyar ganin ɗanta. Masana suna kiranta Adenium obesum: kalmar farko daga Adan ta ƙasar Yaman, ta biyu kuma tana nufin mai ƙiba. Ƙibar nan rumbun ruwa ce. Shi ya sa abin da ke kashe ƙarya a gidaje shi ne yawan ban ruwa, gindin ya ruɓe daga ciki. Ka sa ta a rana tsantsa, cikin ƙasa mai yashi, ka ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe sarai. A ƙasashen waje kuɗi mai yawa ake saye da ita, mu kuwa muna wuce ta a bayan gari. Nononta dafi ne, an daɗe ana shafa shi a kibiya a sassan Afirka, don haka a wanke hannu bayan an taɓa, a kuma ɗora kaskonta inda yaro ba ya kaiwa.

*Lalle.* Ban san shingen da ya fi shi dacewa da gidan Bahaushe ba. Yana jure rani, yana karɓar aski, ƙananan furanninsa masu ƙamshi ne da dare, ganyensa kuma uwargida ta san aikinsa. Sunansa Lawsonia inermis. Linnaeus ya sa masa sunan abokinsa Isaac Lawson, likita ɗan Sikotlan wanda ya taimaka da kuɗi aka buga wani littafinsa a 1735. Kalma ta biyu tana nufin marar makami, wato marar ƙaya, kodayake duk wanda ya tsinki lallen da ya tsufa ya san ƙarshen rassansa na suka.

*Aguwa.* Manoman Katsina da Daura sun daɗe suna shinge gona da burtali da ita, kuma in an jera ta an aske, tana yin kyau a bayan katanga inda ba wanda zai riƙa ba ta ruwa. Danginta su ne Euphorbia, kuma wannan suna daga Afirka ya fito. Kimanin shekara 2,000 da suka wuce, Sarki Juba na Biyu, wanda ya mulki yankin da yanzu yake Maroko da Aljeriya, ya sa wa wata shuka ta ƙasarsa sunan likitansa Euphorbus. ’Yar uwarta da ake sayarwa a kasko, mai ƙaya jiki duka da ƙananan furanni ja, ita ce Euphorbia milii, daga Madagaska, mai ɗauke da sunan Baron Milius wanda ya kai ta Faransa a 1821. Kusan duk shekara tana fure, ruwa kaɗan ya ishe ta. Dukansu nononsu na ƙona ido.

*Zabuwa da albasar kwaɗi.* Zabuwa ko zabo ita ce alobera ta daji, mai ɗigo-ɗigon fari a ganye irin na gashin zabuwa. Ita da aloberar da ake sayarwa duk suna son kasko mai yashi da inuwar la'asar. Albasar kwaɗi kuwa, wadda masana ke kira Crinum, tana kwance a ƙasa duk rani ba a ganinta, ruwan farko na sauka sai ta fito da manyan furanni farare masu jan zane a tsakiya. In ka samu, dasa ta inda ruwan indararo ke zuba. Ba a cin ta.

Sai baƙin da suka zama ’yan gari.

*Bugenbiliya.* Ita ce mai ƙayar nan da ke hawa katanga ta lulluɓe ta da ja ko shuni ko ruwan goro ko fari. In mutum zai sayi baƙuwar fulawa guda ɗaya tak, to ya sayi wannan. Asalinta Kudancin Amurka. A 1767 jiragen ruwan Faransa da ke zagaya duniya ƙarƙashin Louis Antoine de Bougainville suka tsaya a Riyo ta Birazil, masanin tsirran tafiyar, Philibert Commerson, ya sa wa shukar sunan shugabansa. Mataimakin Commerson a tafiyar ashe mace ce, Jeanne Baret, ta yi shigar maza saboda dokar sojan ruwan Faransa ta hana mata shiga jirgi. Wasu masana tarihi suna ganin ita ce ma ta tsinko shukar, don maigidanta na fama da gyambo a ƙafa. Ita ce mace ta farko da aka san ta zagaya duniya.

Ka matsa kusa ka duba: abin da ake ɗauka fure ne ganye ne mai launi, siriri kamar takarda, guda uku-uku. Furen gaskiya ƙanana ne farare a tsakiyarsu. Halinta shi ne, in ta ƙoshi da ruwa da taki sai ta yi ta ganye kore, in ta ɗan ji ƙishi sai ta yi launi. Shi ya sa ta fi kyau da rani. Mai bugenbiliyar da ta ƙi fure ya rage mata ruwa, ya daina taki, ya tabbata tana samun rana aƙalla awa shida.

*Furanjifani.* Itaciya mai kaurin rassa da farin fure mai rawayar tsakiya, ƙamshinta ya fi tashi da dare. Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya. Sunan da masana suka ba ta, Plumeria, na Charles Plumier ne, masanin tsirrai Bafaranshe da ya rasu a 1704. Furanjifani kuwa sunan wani babban gida ne a Italiya da aka san shi da wani turare. Da hunturu takan zubar da ganye ta tsaya tsirara. Ba mutuwa ta yi ba, kada a tsananta mata ruwa.

*Ƙananan furanni na ƙasa da kasko.* Catharanthus roseus, wadda masu sayarwa ke kira binka, daga Madagaska take, furenta fari ko ja-ja mai kunne biyar, tana yaɗa kanta da iri, zafi bai dame ta ba. Daga jikinta aka samo magungunan sankarar jini guda biyu a ƙarshen shekarun 1950 da farkon shekarun 1960, amma wannan aikin masana'anta ne, dafa ta a sha haɗari ne. Portulaca grandiflora tana shimfiɗa a ƙasa, tana buɗe fure da hantsi ta rufe da yamma. Sunan yana nufin ƙaramar ƙofa, saboda kwanson irinta da murfi yake buɗewa. Zinnia, ’yar Meziko, tana ɗauke da sunan Johann Zinn, Bajamushen da ya yi fice a binciken idon ɗan Adam ya rasu a 1759 yana da shekara 31. Ana shuka irinta kai tsaye da damina, cikin wata biyu ta yi fure.

Akwai masu son gata, waɗanda sai mai wadataccen ruwa. Hibiskus mai manyan furanni ’yar uwar yakuwa da rama ce, ka dubi furen zoɓorodo a gona za ka ga kamar. Sunanta Hibiscus rosa-sinensis, wato wardin Sin. Kowane fure yini guda yake yi ya faɗi, kuma tana son ranar safe da ruwa kullum. Ixora, mai dunƙulen jajayen furanni, daga kudancin Indiya take, sunanta ma daga sunan wani abin bautar mutanen yankin Malabar na can aka ɗauko shi. Ba ta shiri da ƙasa mai siminti ko toka, nan da nan ganyenta zai koma rawaya, don haka kasko ya fi mata. Duranta, rawayan shingen nan da ke gaban ofisoshi, mai sunan likitan Italiya Castore Durante, tana da kyau amma ba ta yafe fashin ruwa a bazara. Yasmin, mai suna daga Farisanci, a sa ta kusa da taga a gefen inuwa, ƙamshinta ya biya wahalarta.

Biyu kuma ina roƙon mai yara ko dabbobi ya bar su a wurin mai sayarwa. Ta farko Nerium oleander, mai dogayen ganye sirara da fure ja-ja ko fari. Ta biyu Thevetia, mai rawayan fure kamar mazurari da ’ya’ya masu kusurwa, wadda aka sa wa sunan André Thevet, Bafaranshen da ya je Birazil. Dukansu suna jure rani sosai, shi ya sa suka yawaita a makarantu da bakin hanya, amma komai nasu guba ne mai taɓa zuciya. Ganye kaɗan na iya kashe akuya, ƙwaya kaɗan na iya kashe yaro. Ba a asuwaki da su, ba a tsinken tsire, ba a hura wuta da itacensu. In yaro ya ci, a garzaya asibiti da reshen shukar a hannu, kada a tsaya jiran alama. Haka Dieffenbachia ta cikin falo, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, in an tauna tana kumbura harshe da maƙogwaro.

Game da bishiyar inuwa, bedi, wato dogon yaro ko darbejiya, ba ta bukatar gabatarwa. Daga Indiya aka kawo ta, kuma sunanta Azadirachta daga Farisanci ne, ma'anarsa itace mai ’yanci. Mai jan furen nan da ke cika kamar gobara a ƙarshen bazara, Delonix regia, ’yar Madagaska ce, saiwarta a sama-sama take bi tana ɗaga daɓe. Ita da bedi da ceɗiya da durumi, a ba su aƙalla mita 6 daga gini da ramin masai. In gidan ƙarami ne, a dasa su a ƙofar gida.

Mataki na 4: Saye

Ka je da safe, ka tambayi mai lambun kai tsaye: “Malam, wannan rana take so ko inuwa? A nan kuka raine ta ko daga Kudu aka kawo ta?” Wadda aka raina a nan ta riga ta saba da iskarmu. Wadda mota ta sauke jiya daga Kudu ko Jos tana bukatar mako biyu a inuwa, ana ɗan fito da ita rana da safe, kafin a dasa.

Kada fure ya ruɗe ka. Zaɓi gajeruwa mai kauri da rassa da yawa. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta: in saiwa ta huda ta kama ƙasa har sai an fizge, ta daɗe, za ta sha wuya. Juya ganye ka duba bayansa, in ka ga farin abu kamar auduga, ajiye ta.

Mataki na 5: Rami, ƙasa da dashe

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta, don shuka ta samu makonni tana kafa saiwa a ruwan Allah. Mai ruwa a gida yana iya dasawa a Oktoba ko Nuwamba. Daga Maris zuwa Mayu ba a dashe.

Ga ƙananan itatuwa irin bugenbiliya da lalle, a haƙa rami santimita 50 faɗi da zurfi. Ga bishiya, a kai 70 ko fiye. In ka tarar da marmara a ƙasa, fasa ta da dagi, in ba haka ba ruwa zai kwanta a ramin. Haɗa ƙasa mai kyau kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. In ƙasar laka ce irin ta fadama, ƙara yashi kashi ɗaya. Ga ƙarya da alobera da dangin aguwa, yashi ya zama rabi, taki ɗan kaɗan.

Takin nan sai a kula. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A tara shi a rami, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa har wata biyu ko uku. In ya yi baƙi, ya daina wari da zafi, yana marmashewa a hannu, ya nuna.

Da la'asar sakaliya ake dashe. Jiƙa ledar tukuna, ka tsaga ta da reza daga gefe, ka zare ba tare da ƙasar ta watse ba. Bugenbiliya musamman, in dunƙulen ƙasarta ya fashe, da wuya ta tashi. Ajiye shukar daidai zurfin da take a leda, kada ka binne wuyanta. Cike, danna da hannu, yi mata ɗan kwari zagaye, zuba ruwa bokiti guda. Rufe gindin da busasshen ganyen bedi ko ɓawon gyaɗa, amma bar tazarar yatsu huɗu daga jikin itacen. In a waje ne, a ranar za a kewaye ta da ƙaya ko waya ko bulo, don akuyar unguwa ba ta jiran gobe.

Kasko kuwa, na ƙasa ya fi na roba sanyi. Ko wanne ne, sai da huda a gindi.

Mataki na 6: Yaɗa su da kanka

Yawancin waɗannan ba sai an saya ba, reshe ake roƙa wurin maƙwabci. Ga bugenbiliya da lalle da hibiskus, yanki reshen da ya fara ƙwari, kaurin fensir, tsawon kamu guda. Cire ganyen ƙasa, bar biyu a sama, soka rabinsa cikin leda mai yashi da ƙasa, ajiye a inuwa, ƙasar ta zauna da danshi ba jagab ba. Damina ce lokacinsa. Ka sa goma, don ba duka za su kama ba, kuma kada ka riƙa zarowa kana duba saiwa. Sabon toho mai ƙarfi bayan mako shida zuwa takwas shi ne alama.

Masu nono dabam suke. Reshen furanjifani da ƙarya da dangin aguwa sai an ajiye shi a inuwa mako guda bakin yankan ya bushe, sannan a soka a busasshen yashi, a jinkirta ruwa. In aka dasa shi ɗanye, ruɓewa zai yi. Manoma ma a ƙarshen rani suke kafa aguwa, kafin ruwa ya sauka.

Mai son ƙarya mai ƙaton gindi sai ya bi ta iri, don ta reshe ba ta cika yin gindi sosai ba. Takan yi ’ya’ya jefi-jefi, kwanso biyu a haɗe kamar ƙaho. In ka gan su, ɗaure su da zare tun kafin su bushe, don ranar da suka tsage irin mai gashi a kai da gindi iska ce za ta kwashe shi. Shuka shi da wuri, kwance a kan yashi, da ɗan rufi sama-sama. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda.

Mataki na 7: Reno daga damina zuwa damina

Sabon dashe yana son ruwa kullum na mako biyu in ba a yi ruwan sama ba, daga nan a riƙa tsallake kwana. Ban ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, don yana tura saiwa ƙasa inda sanyi yake. Kafin ka zuba, soka yatsa cikin ƙasa. In da danshi, bari sai gobe. Da sassafe ko bayan la'asar ake bayarwa, a gindi.

A Agusta, matsalar yawan ruwa ce: a janye kaskon ƙarya da alobera ƙarƙashin baranda. Da hunturu, iska ke busar da ganye, ƙura kuma ta toshe shi, sai a riƙa wanke ganyen sau ɗaya a mako, a rage ban ruwa ga masu zubar da ganye. A bazara, a matsar da kasake gefen gabas, a ƙara rufin gindi, a yi wa sababbin dashe ’yar rumfa da zana ko buhu, a dakatar da taki gaba ɗaya. Taki sau biyu a shekara ya isa, farkon damina da ƙarshenta.

Farin ƙwaro mai kama da auduga da darɓa sun fi damun hibiskus da ƙarya. Maganinsu na ƙofar gida: daka ƙwayar ’ya’yan bedi busassu, kimanin giram 50 a litar ruwa ɗaya, jiƙa ta kwana, tace da ƙyalle, saka ɗan sabulun wanka, fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan mako guda. Gara ta fi kama shukar da ƙishi ya raunana ko aka tara wa ɗanyen taki, don haka da ka ga ta fara gini a jikin itace, kankare, janye rufin gindin, ba da ruwa sosai.

Aski kuma, lalle da duranta ana yi musu duk lokacin da suka fita layi, ana barin ƙasan shingen ya fi samansa faɗi don rana ta samu ganyen ƙasa. Bugenbiliya sai bayan ta gama zubar da launi, da safar hannu mai kauri saboda ƙaya. A wanke almakashi da sabulu bayan an yanki mai nono, rassan masu guba kuma a binne su, kada a zuba a bola inda dabbobi ke kiwo.